Allon Siminti a Ƙasar Ruwa

Tun kafin mu isa Garwa na gane Alhaji Manu maƙaryaci ne, sai dai a lokacin mun riga mun bar Najeriya a baya, kuma a cikinmu biyu shi kaɗai ke jin Faransanci. A Azare ya ce mini mota mai sanyi za ta ɗauke mu daga Yola. Motar da ta ɗauke mu sanyinta ɗaya ne, ba ta da gilashi ko guda. Duk shingen da jandarmomi suka tsayar da mu, sai ya nuna ni da baki ya yi musu wani dogon bayani, su leƙo su dube ni, su fashe da dariya, su ɗaga mana hannu mu wuce. Na tambaye shi me yake gaya musu. Ya ce, "Cewa nake kai babban injiniya ne." Har yau ban yarda ba, don ban taɓa ganin an yi wa injiniya irin wannan dariya ba.

Sunana Habu, magini ne ni, amma ba ginin ɗaki na fi sani ba. Ni ne irin mutanen da ke gina abin da ake kafawa a tsakiyar shataletale. Wajen marigayi Malam Gambo na koya, kuma shi ya ba ni tarihin sana'ar. Ya ce da can a garuruwanmu ba a sa komai a mararraba sai tsohuwar gangar kwalta da aka shafa wa farin fenti, ɗan sanda ya hau kai ya yi ta kaɗa hannu. Daga baya masu mulki suka ga hotunan ƙasashen waje, su ma suka so a kafa musu wani abu. Mutum-mutumi ba zai yiwu ba, malamai sun ce gunki ne. Sai aka koma ƙwarya da ludayi, daga nan buta, daga nan carbi mai ƙwayoyi kamar kabewa, a ƙarshe aka fi natsuwa da allo, don shi ne babu mai tayar da jijiyar wuya a kansa. Wani allo da na gina a ƙofar wata Islamiyya a Azare shi Alhaji Manu ya gani, ya ce Hausawan wani gari can kudancin Kamaru suna son irinsa a dandalin garinsu, babba, wanda za a hango daga nesa.

Abu ɗaya na bari a gida da ke ci mini rai, gonar mahaifina da ke ƙauyenmu a hanyar Katagum. Ita kaɗai ya bar mini. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ke riƙe da ƙasar gidanmu, kuma dokarsa ba ta da lanƙwasa: wanda ruwan shuka ya sauka ba ya nan, gonarsa ta koma hannun wanda yake nan. Bara na makara saboda wani aiki a Misau, ya yafe mini da ƙyar. Bana ya ce, "In ruwa ya sauka ban ga ƙeyarka a gona ba, Isiyaku zai shuka ta, kuma ta zama tasa." Isiyaku ɗansa ne, mai bakuna da yawa a gida, kuma ya daɗe yana kallon gonar nan ta gefen ido. Na ce wa Baffa ai ko bazara ba ta kama ba, kafin hadari ya fara haɗowa na dawo na huta har na gaji da hutu.

A Ngaundare Alhaji Manu ya ari sabuwar hulata, wai zai je ya ga manya. Ya dawo da hular a kansa, a kansa kuma ta ci gaba da zama. Daga nan muka hau bayan babbar mota muka nausa kudu. Ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suka yi ta tsawo har sai da na daina ganin sama sai ta ɗan tsagi. Mutumin Azare ya saba ya tsaya a bakin gari ya hango raƙumi tun yana ɗigo, to a can ko mai tahowa a keke sai ya kusa take ka za ka gan shi. Yunwa ta kama ni, Alhaji Manu kuma ya yi barcin ƙarya don kada in tambaye shi guzuri. Wata mata da ke gefena, mai ɗauke da kaji a kwando, ta miƙo mini wani abu dogo kamar sanda, naɗe da ganye. Na yi godiya da hannu, na gantsara da ganyen da zaren duka. Motar nan gaba ɗaya ta ɗauki dariya. Matar ta karɓe, ta warware mini shi kamar yadda ake yi wa yaro, ashe tuwon rogo ne a ciki, mai tsami, mai danƙo. Ban so shi ba, amma na cinye tas saboda ita.

Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa. Aka kai ni gaban Sarkin Hausawa, wani ƙaton mutum mai son a ce ya yi. Kakanninsu fataken goro ne da suka zo suka zauna, Hausarsu kuma ta tsufa a hanya, wasu kalmomin rabona da jin su tun bakin kakata. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka yanka mini zakara, sannan ya ce in kawo takarduna na shiga ƙasa ya adana mini, don garin akwai ɓarayi. Na miƙa masa har ina godiya.

Washegari aka nuna mini dandalin. Fili ne mai faɗi a tsakiyar gari, kasuwa a gefe ɗaya, ofishin magajin gari a ɗaya gefen. A ƙarshensa na yamma akwai wani dogon gicciye na ƙarfe, a jikinsa kuma an jingina tsani, wani tsoho siriri yana kai yana kankare tsatsa. Duk jikinsa ɗige-ɗigen fenti ne, har gira. Na yi masa sallama da Hausa, bai ji ba. Ya yi mini Faransanci, ban ji ba. Sai ya gwada Fillanci, ni kuma mahaifiyata Bafulatana ce ta wajen Misau, nan take baki ya buɗe. Sunansa Piyer, na riƙa kiransa Baba Piyer.

Shi ya ba ni tarihin filin, yana kankara yana magana. Ya ce asali wata ƙatuwar bishiya ce a wurin, mutanen gari na ɗaura mata farin ƙyalle, akwai kuma gidan da aikinsu ke nan, share gindinta. Da Turawa suka zo suka sare ta, suka ce a kafa gicciye. Babu maƙerin da zai iya a garin, sai aka ɗauko wani daga bakin teku, shi ne kakan Baba Piyer. Ya ƙera, ya kafa, ya ɗaure kayansa zai tafi, sai aka ga gicciyen ya fara tsatsa. Aka ce ya tsaya ya shafa fenti. Kafin ya gama shafa ƙasa, sama ta sake yin ja. Haka ya tsaya, ya yi aure, ya mutu, ɗansa ya gaji tsanin, yanzu ga jika a kai. Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta kafa mutum-mutumin wani manomi da fartanya a tsakiya, wanda ya yi shi ɗan birni ne, bai tsaya ba, shi ya sa kan manomin ya faɗo wata rana ya kusa kashe mai sayar da ayaba. Su kuma Musulmi tun zamanin fatake suke sallar Idi a gefen gabas, alamarsu kawai jerin duwatsu. Shekara da shekaru suna neman a bar su su kafa nasu abin, ana zama ana tashi, sai bana aka amince, da sharaɗi ɗaya: kada ya fi gicciyen tsawo ko da ɗan yatsa, kada kuma ya gaza shi, don Sarkin Hausawa ya ce ba zai karɓi gajere ba.

Wannan sharaɗi ya ci mini kwanaki. Aka kawo igiya aka auna gicciyen a gaban shaidu, Fada, limamin coci, na riƙe da baki ɗaya, wakilin Sarki na riƙe da ɗayan. Sai rigima ta tashi a kan mariƙin allo, wato ɗan kan nan da ake kamawa. Mutanen Sarki suka ce mariƙi ba allo ba ne, kada a lissafa shi. Mutanen coci suka ce in haka ne su ma za su ɗora wa gicciyensu mariƙi. Ni ina tsaye da cebur a hannu, siminti na bushewa. A ƙarshe magajin gari ya yanke cewa da mariƙin za a auna, kowa ya tafi gida yana cewa shi ya yi nasara.

Aikin kansa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na haɗa simintin shafe da jar ƙasa, ya fito kalar katako sak, na goge shi ya yi sumul. Baba Piyer ya ara mini tsaninsa na biyu ba tare da na roƙa ba. Saura rubutu kawai, kuma ni na yi makarantar allo daidai gwargwado, hannuna ba laifi. Alhaji Manu ya karɓi kuɗin fenti a wajen Sarki ya ce zai je babban birni ya sayo mai kyau, na waje. Ya tafi da hulata a kansa. Rabona da shi ke nan har yau.

Ranar buɗewa ta matso, an gayyaci baƙi, an sayi sa. Sarki ya kira ni ya ce, "Malam Habu, allo ba rubutu ai katako ne. Ka san yadda za ka yi." Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in Allah ya so ya koya masa hankali. Na shiga kasuwa wajen masu kayan ƙoli na sayi ƙaro, na daka gawayi, na dafa tawada cikin rabin ganga, irin wadda muke yi muna yara, sai dai wannan ta isa makarantu goma. Na ɗaure tsumma a bakin sanda na hau na rubuta Bisimilla da addu'ar neman zaman lafiya ga gari, baƙaƙe manya, kowane harafi ya kai tsawon hannuna. Niyyata in fenti ya samu in bi sawu.

Baba Piyer ya zo ya dangwala yatsa a gangar ya shinshina. Ya ce, "Wannan ruwa na wanke shi?"

Na ce, "Yana wankewa, Baba, amma ina ruwan yake? Ai yanzu bazara ta fara. Da sauran wata da watanni."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce, "A garinku."

Na yi dariya. A raina na ce tsoho ya sha warin fenti ya yi masa yawa. Ni da na tashi ina ganin bazara tana gasa mutane har sai sun manta kamannin hadari, wa zai gaya mini lokacin ruwa?

Ranar buɗewa magajin gari na tsakiyar jawabi sama ta yi baƙi kamar an kife tukunya. Babu iska, babu gargaɗi, babu wannan ƙamshin ƙasa da ke zuwa mana kafin ruwa. Kawai aka kwance shi. Na tsaya ina kallon haruffana suna narkewa, baƙin ruwa na gangarowa ta gindin allon. Na ce shi ke nan, yau za a yi mini dukan da ba a yi wa Alhaji Manu ba. Sai wata tsohuwa daga unguwar Hausawa ta kutsa cikin ruwan, ta zubar da goron da ke kwanonta, ta tara a gindin allon, ta kafa kai ta sha, ta shafa saura a fuska. Ta juyo ta ce da ƙarfi, "Rubutu ne! Rubutun sha ne daga sama!" Kafin in ƙifta ido dandalin ya hautsine. Masu kwano, masu kofi, masu tafin hannu, wani har hularsa ya tara. Sarki da kansa aka kawo masa a kofin shayi.

Washegari labari ya cika gari. Tarin wance ya tsaya, ciwon bayan wane ya tafi, wata akuya da ta ɓace ta dawo da kanta. Sarki ya kira ni yana murmushi har kunne. Ya ce in hau in sake rubutawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a nemo fenti dai." Ya ce fenti kuma na me, ai Allah ne ya kore Alhaji Manu don alheri ya bayyana. Na sake rubutawa. Da la'asar ruwa ya sake wankewa.

Haka rayuwata ta koma. Da safe in dafa tawada in hau tsani, da yamma sama ta wanke, jama'a su tara. A ƙasar nan ruwa ba baƙo ba ne da ake yi wa marhabin, maƙwabci ne marar kunya da ke shigowa kullum. Malaman garin tsofaffi ne, babu mai iya hawa tsani, samarin kuma boko suka yi, ba su iya irin rubutunmu ba. Ko da sun iya ma, an riga an ce sirrin a hannun Malam Azare yake. Ni ne Malam Azare. Ni da ko saukar Alƙur'ani ban yi ba, mata suka fara durƙusa mini a hanya. Mutanen ƙauyuka suka riƙa zuwa da jarkoki. Har 'yan coci na zuwa, suna fakewa da cewa kasuwa suka zo, matar Baba Piyer ma na ga ta cika kwalba ta soke a zani. Fada ya yi wa'azin hana su, ranar aka fi cika dandalin.

Ni kuwa ina lalacewa. Hannuwana suka yi baƙi har gwiwar hannu, tsakanin yatsun ƙafata ya rube, rigunana ba sa bushewa, takalmina ya tsiro wani farin gashi. Abinci rogo da safe, rogo da rana, ganyen rogo da yamma. Na yi marmarin fura har na fara mafarkinta da rana tsaka a kan tsani. Na yi marmarin zafin Azare, wannan zafin da muke zagi, wanda za ka wanke riga kafin ka gama alwala ta bushe. Na je wajen Sarki na ce aiki ya ƙare, a ba ni takarduna. Ya ce makullin akwatin na wajen uwargida, uwargida ta tafi biki. Na koma, ya ce ta dawo amma makullin ya ɓata. Na sake komawa, sai ya nuna mini wani fili bayan masallaci ya ce nawa ne, kuma akwai wata bazawara 'yar ƙanwarsa, mai hankali, ta iya tuwon masara.

Na kira Baffa a waya. Ya ce, "Habu, kana ina? An fara ganin walƙiya ta gabas. Isiyaku ya kai sungumi wajen maƙeri." Na ce ina hanya, Baffa. Ya ce, "Hanyar ta yi tsawo." Bayan kwana kaɗan wayar ta sha damshi ta mutu, na rasa mai gaya mini ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

Na gwada wayo. Na roƙi Baba Piyer ragowar baƙin fentinsa na yi rubutun da shi, na ce in ruwan ya fito fari za su gaji su sallame ni. Ruwa ya sauka, rubutu ya tsaya daram, jama'a suka duba kwanukansu suka ga ruwa garau. Tsohuwar nan ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wannan ai ruwan sama ne kawai. Aka yi mini caa. Yini biyu na yi ina kankare fenti da wuƙa, dogaran Sarki na zaune a gindin tsani suna cin gyaɗa.

A rana ta biyun ne na zauna gindin gicciye kusa da Baba Piyer, na ce masa ni fa wata biyu na ce zan yi. Ya ce, "Kakana ma haka ya ce." Ya nuna mini wajen maƙabartarsu da burushi. Wallahi sai na ga kaina da furfura a kan tsani, na ga wani jikana baƙin hannu yana ba wa baƙo labari da Fillanci, na ga Isiyaku yana ɗaure damin gero a gonar ubana. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuka sosai irin na yara. Tsohon bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Limaminku ya taɓa ganin agwagina?"

Liman tsoho ne mai ciwon gwiwa, ko hadari ya gani ba ya fita, duk abin da ake yi a dandali labari kawai yake ji. Agwagin kuwa na san su sarai. Kullum in jama'a sun watse, ragowar baƙin ruwan na bin kwata ya taru a wani kwari bayan kasuwa, inda ake zubar da shara, agwagin Baba Piyer kuma su zo su yi ta wanka a ciki. Na sha korarsu da dutse, abin na damuna, amma tsoron Sarki ya hana ni buɗe baki.

Da aka ɗauke ruwa rannan na je na durƙusa gaban Liman. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai abin da nake so ka gani da idonka, in na faɗa da baki za a ce gida nake so." Ya ce, "Ba gidan kake so ba?" Na ce ina so, amma duk da haka ya zo. Na riƙe shi a hannu muka taka a hankali har bakin kwarin. Agwagi na ciki suna ta facal-facal, ɓawon ayaba na yawo a kan baƙin ruwa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga allon wannan ya gangaro?" Na ce daga can ne. Ya ce, "Kullum?" Na ce kullum. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya saki hannuna, ya manta da ciwon gwiwa, ya nufi gidan Sarki ina binsa da sauri.

A zaure ya same shi cikin fadawa. Bai zauna ba. Ya ce, "Sunan Allah muka kafa don a girmama, ko don agwagi su yi iyo a ciki? Daga yau ba a ƙara ɗiga tawada a allon nan."

Sarki ya ce, "Allah gafarta Malam, to sai mu bar shi fayau? Na 'yan coci na tsaye da kwalliyarsa, namu ba ko harafi? Ai sai a ce ba mu da abin faɗa."

Liman ya ce, "Yaro in ya haddace karatunsa me ake yi wa allonsa?"

Wani bafade ya ce, "Wankewa ake."

Ya ce, "To an wanke. Wata nawa kuna shan addu'ar zaman lafiya, wanda bai haddace ba ya zo zaurena in biya masa. Kuma a ba yaron nan takardunsa yanzu, ina tsaye."

Makullin da ya ɓata ashe yana aljihun Sarki. Ya ba ni takardun da ɗan abin da ya sawwaƙa, bai dube ni ba.

Da safe na je sallama da Baba Piyer. Na ce abin da ke damuna, allon nan ba mai kula, gansakuka za ta rufe shi. Ya ce, "In na gama da nawa zan riƙa goge naka. Tsani ɗaya ne." Ya ɗauko wata ƙatuwar laima baƙa ya ba ni. Ya ce tun daga masu share gindin bishiya, in ban da ɗan birnin da kan manominsa ya faɗo, ni ne na farko da ya kafa abu a filin nan ya fita da ƙafarsa, don haka in yi sauri kafin garin ya tuna.

Dawowa ban ga komai ba sai ƙasa. Kowa na kallon gari, ni ina leƙen gonaki. Ngaundare kore shar. Garwa masara ta kai gwiwa. Yola an yi noman fari. Gombe gero ya tsiro. Kowane zango tsorona na ƙaruwa. A bayan wata motar shanu da ta dawo ba kaya na ɗaga hannu na ce, ya Allah, ruwan nan ka ba kowa, amma na Katagum ka riƙe mini shi sai na iso. Na yi ta maimaitawa har Darazo.

Da muka wuce Misau a ƙaramar mota sai na ga ƙasa ta koma fara. Wajen su Zadawa gonaki a share, kunya-kunya, babu ko ɗigon kore. Ban san lokacin da na buga cinya na ce, "Alhamdu lillahi! Ba a yi ba!" Wani dattijo da ke gefena ya juyo ya dube ni, ya dubi laimar da ke tsakanin ƙafafuna. Ya ce, "Ɗana, lafiyarka? Sau biyu muna binne iri, rana na cinyewa. Wasu irin da za su sake shukawa ma babu. Kai kuma godiya kake?" Na rasa inda zan sa fuskata. Da muka isa Azare, laimar a motar na bar ta da gangan.

Ban tsaya gida ba, na hau babur zuwa ƙauye. Na tarar ba kowa a ƙofar gida, an ce duk an fita bayan gari roƙon ruwa. Na bi su. Maza, mata, yara, har awaki an kora, an tsaya a fili cikin rana, kowa ya juya rigarsa ciki ya koma waje. Na hango Isiyaku a sahun baya, ya rame, ɗansa na kafaɗarsa. Na kutsa na tsaya kusa da Baffa.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi baƙaƙen hannuwana, bai tambaya ba. Na ce a hankali, "Baffa, gonar fa?"

Ya ce, "Tana nan, taka ce. Ba wanda ya taɓa ta. Me za a taɓa?"

Abin da na yi ta gudu dominsa ke nan tun daga ƙasar rogo, ga shi an ba ni, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Na cire rigata na juya ta na mayar. Limamin ƙauyenmu ya fara addu'a, jama'a na amsawa, murya duk ta dushe. Na ɗaga hannu daidai ƙirji, kunya ta hana ni kai su sama. Baffa ya zungure ni da gwiwar hannu, idonsa na kan sama, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ɗaga da kyau, Habu. Duk cikinmu kai kaɗai ka san inda ruwan yake."

Na ɗaga har kafaɗuna suka yi ciwo.